Eric Liddell: Ɗan tseren da ya ƙi gudu ranar Lahadi, ya rasu a hannun Japanawa

Ranar Lahadi 6 ga Yulin 1924 aka fara zagayen share fage na tseren mita 100 a gasar Olamfik ta birnin Paris. Ɗaya daga cikin matasan da Birtaniya ta ɗora wa buri a tseren bai fito fili ba. Lafiyarsa ƙalau, ba targaɗe ba zazzaɓi, kuma babu wanda ya dakatar da shi. Eric Liddell, ɗan shekara 22, ya riga ya sanar da hukumomin wasanni cewa Lahadi ranar ibada ce a wurinsa, don haka ba zai yi gudu a cikinta ba ko da zinare ne a ƙarshen layi.

Bayan kwana biyar ya ci zinaren a wani tsere dabam. Nan ne yawancin masu ba da labarinsa ke tsayawa, alhali ya yi shekara ashirin da 'yan watanni a duniya bayan wannan rana.

An haife shi ranar 16 ga Janairun 1902 a birnin Tianjin na ƙasar Sin. Iyayensa 'yan Sikotilan ne, masu aikin mishan a ƙarƙashin ƙungiyar London Missionary Society. Yana ɗan shekara shida aka bar shi tare da wansa Robert a makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan da ke Landan, wadda aka fi sani da Eltham College, iyayen suka koma Sin. Sai a yi shekaru ba su haɗu ba. A 1920 ya shiga Jami'ar Edinburgh karatun kimiyya, a can kuma ƙafarsa ta fito fili. Ya buga wa Sikotilan ƙwallon zari-ruga sau bakwai tsakanin 1922 da 1923 kafin ya bar ta ya riƙe tsere kaɗai. A 1923 ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 9.7, wanda babu ɗan Birtaniya da ya taɓa yi kafin shi.

Gudun nasa ba shi da kyan gani. Yana jefa kai baya, baki a buɗe, hannuwa na dukan iska kamar mai korar ƙudan zuma. Masana sun yi ta yi masa dariya, mai horar da shi Tom McKerchar kuma bai iya raba shi da wannan salo ba. Amma a Yulin 1923, a garin Stoke-on-Trent, a tseren yadi 440 tsakanin Ingila da Sikotilan da Ailan, wani ya banke shi tun farkon gudu har ya fita daga layi. Kafin ya dawo hayyacinsa an ba shi tazarar kusan yadi ashirin. Ya bi su, ya cim musu ɗaya bayan ɗaya, ya zo na farko, sannan ya zube ƙasa sai da aka ɗauke shi. Daga ranar aka rage dariya.

A wannan shekarar ce kuma ya fara wa'azi a gaban jama'a, a garin Armadale na masu haƙar kwal. Mutum ne mai kunya, muryarsa ba ta da ƙarfi, kuma ya san sarai cewa mutanen da suka cika ɗakin sun zo ganin ɗan tsere ne. Bai damu ba. A tunaninsa saurin ƙafa baiwa ce da aka ba shi amana, kuma idan ita ce za ta tara masa masu sauraro, to ta yi aikinta. Abokan karawarsa sun shaide shi da bin layi yana gaisawa da kowa kafin a tashi gudu. A lokacin babu matakan ƙarfe da ake dogara ƙafa a kansu, kowa kan haƙa ɗan rami da kansa, shi kuwa yakan miƙa wa na kusa da shi ƙaramin cebur ɗinsa.

Fim ɗin Chariots of Fire na 1981, wanda ya ci kyautar Oscar huɗu, ya nuna kamar Liddell yana shirin hawa jirgin ruwa zuwa Faransa ne ya ji labarin ranar tseren. Ba haka aka yi ba. Jadawalin ya fito watanni kafin gasar, ya yanke shawararsa tun a lokacin, ya koma atisayen mita 400. Haka ma shahararriyar maganar nan da ake jingina masa a intanet game da daɗin da Ubangiji ke ji idan yana gudu, marubucin fim ɗin Colin Welland ne ya sa ta a bakin ɗan wasan da ya fito a matsayinsa. A ganina ainihin labarin ya fi na fim nauyi. Yanke shawara cikin zafin rai a bakin jirgi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da riƙe ta wata da watanni, jami'ai na lallashi, wasu jaridu na zargin rashin kishin ƙasa. Duk wanda ya taɓa rufe shago ana tsakiyar ciniki don kada Juma'a ta wuce shi ya san ɗanɗanon abin, sai dai shi Liddell ƙasa guda ce ke tsaye a bakin shagon. Ya kuma haƙura da tseren miƙa sanda guda biyu saboda su ma sun taɓa Lahadi.

Ɗan ƙasarsa Harold Abrahams ne ya ci mita 100. Liddell ya samu tagulla a mita 200, bayan Amurkawa biyu, Jackson Scholz da Charley Paddock. Ranar Juma'a 11 ga Yuli aka yi zagayen kusa da na ƙarshe da kuma na ƙarshe na mita 400, duka a yini ɗaya, a filin wasa na Colombes. Da safe wani mai yi wa 'yan wasa tausa ya aika masa da 'yar takarda ɗauke da aya daga Littafi Mai Tsarki. Ƙuri'a ta ba shi layin waje, inda mutum ba ya ganin kowa a gabansa, ba shi da wanda zai auna gudunsa da shi. Sai ya ɗauki tseren kamar na mita 200 ne, ya cinye rabin farko cikin kusan daƙiƙa 22. Masu kallo sun zaci numfashinsa zai yanke a kwanar ƙarshe. Ya jefa kai baya, ya ƙare cikin daƙiƙa 47.6, sabon tarihi a Olamfik. Horatio Fitch na Amurka ya zo na biyu, Guy Butler na Birtaniya na uku. Cikin mako guda ya karɓi digirinsa a Edinburgh, ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga gari.

A 1925 ya tattara ya koma Sin. Yana da shekara 23, shekarun da ɗan tsere ke fara nuna. Ya zama malamin kimiyya da wasanni a kwalejin Anglo-Chinese da ke Tianjin, yakan shiga gasa jefi-jefi, amma bai sake zuwa Olamfik ba. An naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie, 'yar wasu 'yan mishan daga Kanada, a 1934.

A 1937, shekarar da yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Japan da Sin, aka tura shi ƙauyen Xiaozhang a lardin Hebei, inda wansa ke aikin likita a asibitin mishan. Yankin ya zama filin daga tsakanin sojojin Japan da mayaƙan Sin. Liddell yana yawo ƙauye-ƙauye a kan keke, ana tsayar da shi ana bincike. Akwai ranar da ya ɗauko wani mai rauni da aka yasar a wani tsohon ɗakin bauta, wanda mutanen gari ke tsoron taɓawa don gudun fushin sojoji. A hanya ya ƙara da wani da aka sara a wuya aka bar shi da zaton ya mutu. Ya kai su asibiti a amalanke. Na biyun ya rayu.

A 1941 matarsa, tana da juna biyu, ta tafi Kanada da 'ya'yansu mata biyu. Shi ya zauna. 'Yarsa ta uku a can aka haife ta, bai taɓa ganin ta ba. A Maris 1943 Japanawa suka kwashe shi tare da sauran Turawa zuwa sansanin tsare fararen hula na Weihsien a lardin Shandong, inda aka cunkushe mutum kusan 2,000 a harabar wata tsohuwar makarantar mishan.

Waɗanda suka fita daga sansanin da rai sun bar shaida mai yawa a kansa. Yana koyar da lissafi da kimiyya, yana ɗebo wa tsofaffi ruwa da kwal, yana gyara sandunan hoki da tsumma. Yara, waɗanda da yawansu an raba su da iyayensu kamar yadda aka yi masa yana ƙarami, suna kiransa kawunsu. Kullum kafin gari ya waye yakan tashi ya kunna 'yar fitilar man gyaɗa, ya yi karatu da addu'a.

A nan ne abin da ya fi ɗaure mini kai a tarihinsa ya faru. Da aka ba shi kula da wasannin matasa, ya ce ban da Lahadi. Matasan suka shirya wasan hoki da kansu a wata Lahadi, babu alƙali, aka tashi da dambe. Lahadin da ta biyo baya sai ga Liddell a tsakiyar fili yana alƙalanci. Mutumin da ya bar zinaren Olamfik saboda wannan rana ya shiga fili a cikinta don kada yaran da ke tsare su ji wa juna rauni. Wasu na kallon haka a matsayin sassauci bayan shekaru. Ni ina ganin ƙa'idar tasa tun asali a kan kansa ya ɗora ta, kuma a Paris ma bai hana kowa gudu ba.

Zuwa ƙarshen 1944 ya fara fama da ciwon kai mai tsanani da mantuwa. Ya zaci gajiya ce da yunwa, har yana zargin kansa da raunin zuciya. Ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwa, wanda asibitin sansanin ba shi da yadda zai yi da shi. A cikin hunturu ya ba wani saurayi, Stephen Metcalf, takalman gudunsa da suka sha ɗinki, saboda na yaron sun mutu. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairun 1945 yana da shekara 43, Metcalf na cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. A watan Agusta sojojin Amurka suka sauka da laima suka buɗe sansanin.

Ɗan Sikotilan bai ci mita 100 a Olamfik ba sai a 1980, lokacin da Allan Wells ya yi nasara a Mosko, ya kuma sadaukar da ita ga Liddell. A 1991 Jami'ar Edinburgh ta kai dutse daga tsibirin Mull ta kafa a harabar tsohon sansanin, a birnin da yanzu ake kira Weifang.