Dokta Nash: Baturen da Ya Yaƙi Ƙudan Tsando a Ƙasar Zazzau

A wannan fili mun saba kawo tarihin sarakuna da malamai da attajiran da aka haifa cikin ganuwa. Bana kuwa mun ɗauko wani baƙo, wanda ba ɗan birni ba ne, ba ma ɗan ƙasar nan ba, amma aikinsa ya taɓa rayukan dubban talakawan masarautarmu. Idan yau aka tambayi yaro a Kwarbai ko Ƙaura mene ne ciwon barci, zai ɗauka zolayarsa ake yi. Wannan rashin sani nasa alheri ne, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Akwai waɗanda suka yi masa gumi, kuma Dokta Thomas Nash yana sahun gaba a cikinsu.

Annobar da ya tarar

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna da ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka, suna jera mutane suna lalube musu wuya don neman kaluluwa. Ciwon barci suke farauta. Yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kumburin kaluluwar bayan wuya. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai ƙwayar cutar ta kai ga ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, dare kuwa ya kasa runtsawa, ya rame, hankalinsa ya gushe, daga nan sai kabari. Tun a 1903 masu bincike a ƙasar Uganda suka tabbatar cewa ƙudan tsando ne ke ɗauko ƙwayar daga jinin wani ya zuba a na wani. Danginta kuma su ke sa wa shanu sammore.

Daga 1931 zuwa 1940, ma'aikatan yaƙi da ciwon barci ƙarƙashin Dokta Lester sun duba mutum fiye da miliyan 3 a Arewa, suka sami masu cutar fiye da dubu 300. Ƙasar Anchau, gabas da birninmu, cikin ƙaramar hukumar Kubau ta yanzu, tana daga wuraren da abin ya fi muni, domin a wasu ƙauyukanta kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita. Magani akwai, amma allurai ne masu yawa da ake yi mako-mako, ɗaya daga cikinsu ma yakan taɓa ido. Babbar matsalar kuwa ita ce, wanda aka warkar yau, gobe zai koma rafin da aka cije shi. Ana ta kashe maciji, ba a sare kansa ba.

Asalinsa da zuwansa

An haifi Nash a 1905, ya yi karatun ilimin ƙwari a birnin Landan. Ba likitan mutane ba ne, masanin ƙwari ne. A 1927, yana saurayi ɗan shekara 22, ya tafi Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, inda ya fara bibiyar tsando a daji. A 1933 ya iso Nijeriya, aka ajiye shi a Gadau ta ƙasar Katagum, inda akwai tashar binciken wannan ƙuda.

Abin da ya yi a Gadau aiki ne na haƙuri. Shi da ma'aikatansa 'yan ƙasa sukan bi hanya ɗaya a bakin rafi, damina da rani, suna kama ƙuda suna ƙirgawa, suna auna zafi da danshin iska a inuwa da sarari, suna tona ƙasa don gano inda yake ajiye 'ya'yansa. A 1937 ya wallafa sakamakon, inda ya nuna cewa yanayin zafi da danshi shi ne ke riƙe da ran tsando.

Ga yadda abin yake. Tsando ba ya zuba ƙwai barkatai kamar sauro. Macen takan raini tsutsa guda ɗaya tak a cikinta, ta haife ta bayan kamar kwana 10, a ƙasa mai laushi cikin inuwa. Tsutsar ta nutse, ta ƙame cikin ɓawo har kusan wata guda kafin ta fito da fiffike. Halittar da haihuwarta ke da wuya haka, in an takura ta kaɗan sai ta ƙare. Sa'an nan irin tsandon da ke addabar mutanenmu na bakin rafi ne, ba ya jure zafin bazara sai ya sami duhuwar kurmi. Da rani, in ruwa ya janye, sai ƙudan ya tattaru a 'yan wuraren da suka rage da ruwa da inuwa. Nan ne kuma mata ke ɗibar ruwa, yara ke wanka, masu wanki ke wanki. Ƙuda kaɗan ne, amma kullum mutane ɗaya suke cizo, shi ya sa cutar ke zagaya gari kamar wutar daji.

Daga nan Nash ya fitar da dabararsa. Ba sai an share daji duka ba. A sare sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa masu rassa ƙasa-ƙasa a gaɓar rafi, a bar dogayen itatuwa, iska mai zafi ta ratsa, rana ta taɓa ƙasa. Sauran aikin bazara za ta ƙarasa shi.

Aikin Anchau da kafa Takalafiya

A 1937, shekarar da Sarkin Zazzau Ja'afaru ya hau gadon sarauta, aka fara gwada wannan ilimi a ƙasar Anchau, kuma Nash ne ya zama jagoran aikin. Umarni daga fadar birnin nan yake fita, ya bi ta hannun hakimi da dagatai da masu unguwanni, domin ba don En'e ba, babu Baturen da zai iya tara mutum goma da gatari.

An zaɓi wani zirin ƙasa mai tsawon kamar mil 70 da faɗin kamar mil 10, aka bi rafukansa ana sassabe. Amma Nash ya lura da wani abu da masu zama ofis ba su gani ba: sassabe ba ya ɗorewa sai da hannun da za su maimaita shi kowace shekara. Ya ƙiyasta cewa sai an sami kamar mutum 70 a kowace murabba'in mil kafin jama'a su iya riƙe rafukansu. Don haka aka taso mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka 43 da ke warwatse cikin daji, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka 16 da sabon gari guda.

Tsohon garin Anchau a cushe yake cikin ganuwa, ga kududdufai, ga rijiyoyi marasa tsabta. Aka rage masa cunkoso, aka gina sabon gari kusa da shi, aka sa masa suna Takalafiya. An yi masa faffaɗan tituna don gobara kada ta tsallaka, aka haƙa rijiyoyi masu bakin siminti, aka yi kasuwa da mahauta da makaranta da ɗakin shan magani, aka dasa itatuwa. Tunanin Nash shi ne, in ka ba mace rijiya a ƙofar gida, ka raba ta da mashayar da ƙuda ke jiranta. Cikin 'yan shekaru tsando ya ɓace daga zirin, ciwon ya ja baya ƙwarai, shanu suka sami wurin zama. Rahoton da ya wallafa a 1948 kan aikin Anchau ya zama abin nazari ga masu tsara raya karkara a ƙasashe da dama.

Inda gizo ke saƙar

Ba za mu yi wa tarihi kwalliya ba. Gwamnatin mulkin mallaka tana da nata lissafi, domin mara lafiya ba ya biyan haraji, ba ya noma auduga da gyaɗa. Sassaben kuma na dole ne, doka ce ta tilasta shi, kuma barin kufan iyaye ba abu ne mai sauƙi ga kowa ba. Gatarin da ya kori tsando a hannun talakawan Zazzau yake, waɗanda babu littafin da ya rubuta sunayensu.

Bayan kamar shekara 20 da fara aikin, wani masani Ba'amurke mai suna Horace Miner ya zauna a Anchau yana nazari. Abin da ya wallafa a 1960 ya nuna cewa mutane da yawa suna sassabe ne don bin umarnin manya kawai, ba su gamsu cewa ƙuda ke kawo ciwon ba, wasu ma suna tsoron taɓa kurmin da suke ganin mazaunin iskoki ne. Inda matsin hukuma ya yi sauƙi, sai sarƙaƙiya ta dawo. An gyara rafi, ba a zauna da masu rafin an fahimtar da su ba. Mu da muka yi rayuwarmu a aji mun san wannan ciwo: yaron da ya haddace don tsoron bulala, ranar da malam ya tafi ranar karatu ke tafiya.

Ƙarshen aikinsa da abin da ya bari

Daga 1954 zuwa 1959 Nash ya shugabanci cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma da ke Kaduna, wadda daga baya ta zama ta Nijeriya, mai reshe a Vom. Da ya koma Ingila, ya jagoranci wani ɗakin bincike a Langford kusa da Bristol daga 1962 zuwa 1971. A can shi da abokan aikinsa suka gano yadda za a yi kiwon tsando da yawa a ɗaki, suna ciyar da shi da jinin awaki da na kunnen zomaye. Mai karatu zai ce, wa ke kiwon abokin gaba? Amsa ita ce, sai da ƙuda a hannu ake gwada magani. Irin wannan kiwo ne kuma ya buɗe hanyar sakin mazan ƙuda da aka kashe wa ƙwayar haihuwa, dabarar da ta kawar da tsando daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997. A 1969 ya fitar da littafinsa Africa's Bane kan wannan ƙuda. Ya mutu a 1993.

Ba shi kaɗai ya ci yaƙin ba. Feshin magani da aka fara a tsakiyar shekarun 1950 ya share tsando daga ƙasa mai faɗin gaske a Arewa, yawan jama'a da noma kuma suka cinye dazuzzukan da yake fakewa. A duniya baki ɗaya, a 1998 an ba da rahoton masu ciwon barci kusan 40,000, amma a 2018 ba su kai 1,000 ba, kuma a shekarar ce aka amince da maganin haɗiya na farko da ke warkar da shi ba tare da allura ba. Togo a 2020, Ghana a 2023 da Chadi a 2024 duk Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon ya daina zama barazana ga jama'arsu.

Abin lura gare mu

'Yan'uwa, tsando ya tafi, amma sauro yana nan cikin kududdufai da kwatocin birninmu, sanƙarau da kwalara ba su manta hanyar ƙofofinmu ba. Tarihin Nash ya nuna mana cewa kafin a ɗaga gatari sai an zauna an san lagon abokin gaba, ko da zai ci shekaru. Tarihin Anchau kuma ya ƙara mana da cewa aikin da aka yi wa mutane ba tare da su ba, ba ya wuce ran mai shi. Duk wanda zai aiko da kuɗin rijiya ko magudanar ruwa daga birnin da yake zaune, ya haɗa da lokacin zama da mai unguwa da matan gida, har su ɗauki abin nasu ne. 'Ya'yanmu masu karatun kimiyya a Samaru da Shika kuwa, kada mu raina wanda ya zaɓi nazarin ƙwaro, domin da ƙirgen ƙuda aka ceci ƙasar Anchau.

Allah Ya jiƙan iyaye da kakanninmu da suka riƙe gatari a rafukan Zazzau, Ya ƙara wa ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.