Sultan Jahan Begum: Sarauniyar da ta fara riƙe Jami'ar Aligarh

A jami'o'in Najeriya, sarkin da ake bai wa kujerar girmamawa mafi girma ana kiran sa uban jami'a. Lokacin da aka kafa Jami'ar Musulmi ta Aligarh a Indiya a 1920, mace aka ɗora a kan wannan kujera: Sultan Jahan Begum, sarauniyar Bhopal. Ta riƙe ta har rasuwarta a 1930, kuma har yau babu wata mace da ta sake hawanta.

An haife ta a 1858 a gidan da mulkin mata ba baƙon abu ba ne. Mata huɗu ne suka mulki Bhopal tsakanin 1819 da 1926, ita ce ta ƙarshe. Ta gaji mahaifiyarta Shah Jahan Begum a 1901, tana da kusan shekara 43, bayan doguwar rashin jituwa a tsakaninsu. Ta tarar da baitulmali kusan wayam, kuma ba a jima ba mijinta ya rasu. Ta gyara harkar haraji, ta sauke farali, sannan ta maida hankali kan makarantu, har ta wajabta karatun firamare a masarautarta a 1918.

Sai dai aikinta mafi tasiri a wajen Bhopal ya faru. A Aligarh, wani lauya mai suna Sheikh Abdullah da matarsa Wahid Jahan sun buɗe makarantar 'yan mata a 1906, a lokacin da manyan masu faɗa-a-ji na Musulmin Indiya da dama ke ganin a fara ilimantar da maza tukuna, na mata ya biyo baya. Sarauniyar ta yanka wa makarantar tallafin kuɗi na wata-wata. A 1914 ta je da kanta ta buɗe ɗakin kwanan ɗalibai, abin da ya ba iyayen da ke nesa ƙwarin gwiwar turo 'ya'yansu. A wannan zuwan ne kuma aka kafa ƙungiyar matan Musulmin Indiya, ita ce shugabarta ta farko.

Abin da ya sa maganarta ke shiga shi ne ba wanda zai zarge ta da watsi da addini. Tana fita taro da lulluɓi, har ta rubuta littafi kan hijabi. Masu cewa boko zai ɓata 'ya mace sun rasa ta inda za su ɓullo mata.

Duk da haka, kujerar ba ta buɗe ƙofa nan take ba. Jami'ar da take shugabanta ta maza ce a aikace, kuma sai bayan rasuwarta, a ƙarshen shekarun 1930, makarantar 'yan matan ta kai matsayin kwalejin da ake karatun digiri.

Ta sauka daga mulki a 1926 ta miƙa wa ɗanta Hamidullah Khan. Kujerar shugaban jami'a kuwa, mai gudanar da ita yau da kullum, sai a 2024 mace ta fara hawa: Farfesa Naima Khatoon, wadda kafin nan ita ce shugabar wannan kwaleji ta mata.