George Muller, Uban Marayun Biristol

Babu wani a cikinmu da bai san damuwa ba. Ɗalibi ya san ta in jarrabawa ta gabato, ko kuwa hutu ya ƙare kuɗin makaranta bai haɗu ba. Malami ya san ta in wata ya yi nisa, buhun hatsi ya kusa kaiwa ƙasa. Iyayenmu a ikilisiya sun san ta in damina ta yi gardama, ko yaro ya kwanta ciwo. Saboda haka muka ga ya kamata a mujallar bana mu kawo tarihin wani bawan Allah, George Muller, wanda ya ɗauki nauyin ci da sha da sutura na marayu fiye da 10,000, ba shi da albashi, ba shi da jari, kuma damuwa ba ta cinye shi ba.

ƘURUCIYARSA

An haifi George Muller ran 27 ga Satumba, 1805, a wani ƙaramin gari mai suna Kroppenstedt, cikin ƙasar Jamus ta yanzu. Ubansa ma'aikacin gwamnati ne mai karɓar haraji. Wanda ya ga yaron a lokacin ba zai ce za a yi abin kirki da shi ba. Tun bai cika shekara 10 ba ya fara satar kuɗin gwamnati da ke hannun ubansa. A daren da mahaifiyarsa take bakin mutuwa, yana ɗan shekara 14, yana can yana karta da abokai. Yana da shekara 16 aka jefa shi kurkuku a garin Wolfenbuttel, domin ya sauka a masauki, ya ci ya sha, ya nemi sulalewa bai biya ba. Ya yi fiye da mako 3 a ɗaure kafin ubansa ya biya bashin.

Duk da haka uban ya tura shi Jami'ar Halle ya karanta tauhidi don ya zama fasto. Abin da uban ya hanga shi ne albashi mai kauri da rufin asiri. George ya ci gaba da shaye-shaye da ƙarya har zuwa watan Nuwamba na 1825. Wata Asabar da yamma wani abokinsa ya kai shi taron addu'a a gidan wani mutum. Aka yi waƙa, aka karanta Littafi Mai Tsarki, sai wani ɗan'uwa ya durƙusa ya yi addu'a. George bai taɓa ganin mutum ya durƙusa gaban Allah ba, shi ma bai taɓa yi ba. Abin ya shiga zuciyarsa. Daga wannan dare ya soma tuba, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu.

A garin Halle ɗin nan akwai babban gidan marayu wanda wani fasto, August Francke, ya kafa fiye da shekara 100 kafin lokacin, bisa dogara ga Allah. George ya zauna wata 2 a ɗakunan da ake ba ɗalibai matalauta a gidan. Abin da ya gani a can ya zauna masa a rai.

ZUWANSA INGILA

A 1829 ya tafi Landan don ya shirya aikin bishara. Rashin lafiya ta sa ya koma wani garin bakin teku mai suna Teignmouth, inda ya haɗu da Henry Craik, wanda ya zama amininsa da abokin aikinsa. Wata ƙaramar ikilisiya ta ɗauke shi fasto a kan fam 55 a shekara. A watan Oktoba na 1830 ya auri Mary Groves. Ba da daɗewa ba su biyu suka yi shawara su bar albashin, domin ana tara shi ne daga kuɗin hayar kujerun majami'a, mai kuɗi ya sami wuri mai kyau, talaka ya koma baya. Aka ajiye akwati, wanda ya ga dama ya sa abin da ya sawwaƙa. Suka kuma ɗauki alkawari ba za su faɗa wa kowa bukatarsu ba sai Allah, ba kuwa za su ci bashi ba. A 1832 suka ƙaura zuwa birnin Biristol tare da Craik, shekarar da annobar kwalara ta kashe mutane da yawa a birnin.

DALILIN GINA GIDAN MARAYU

A nan ne muke so mai karatu ya lura da kyau. Sa'ad da Muller yake ziyarar 'yan ikilisiyarsa, ya tarar damuwa ta yi musu katutu. Akwai magidanta masu aiki awa 14 zuwa 16 a rana, jikinsu ya lalace, ba su da lokacin addu'a ko karatun Maganar Allah, suna tsoron in sun rage aiki iyali za su kwana da yunwa. Akwai tsofaffi masu fargabar ranar da ƙarfinsu zai ƙare a kai su gidan gajiyayyu. Akwai 'yan kasuwa masu yin 'yar ha'inci, suna cewa in ba haka ba ciniki ba zai tafi ba. Ya yi musu wa'azi daga Matta sura 6, inda Ubangijinmu ya nuna mana tsuntsaye da furannin jeji, ya hana mu alhini a kan abinci da tufafi. Sun ji, sun yarda da baki, amma zuciya ba ta kwanta ba.

Sai ya ga abin da suke bukata shi ne shaida wadda ido zai gani, gama gani ya kori ji. In shi, talaka kuma baƙo, ya iya riƙon marayu ta wurin addu'a kaɗai, ba tare da ya roƙi kowa ko kwabo ba, to, masu damuwa za su ga cewa Allah yana nan da rai, yana jin addu'a. Tausayin yaran ma yana ransa ƙwarai, domin a zamanin marayun talakawa a Ingila ba su da mafaka sai titi ko gidan gajiyayyu.

Ya roƙi Allah gida, da ma'aikata, da kuɗi. Kyautar farko da ta shigo sule 1 ce. Ranar da aka sa don karɓar sunayen yara, ya zauna yana jira, ko mutum ɗaya bai zo ba. A hanyar gida ya tuna ya yi addu'a a kan kome, har da cokula da gadaje, amma bai roƙi Allah ya kawo yaran ba. Ya ƙasƙantar da kansa a daren nan, kashegari aka kawo sunan farko. A watan Afrilu na 1836 aka buɗe gidan a titin Wilson, da 'yan mata 26.

SHEKARUN GWAJI

Kada mu ɗauka Muller mutum ne da aka halitta ba shi da fargaba. A ƙarshen 1837 ciwon kai da raunin jiki suka kama shi, har ya ji tsoron zai taɓu. Dole ya bar aiki ya tafi hutu na watanni, ya ga likita. Shi da kansa ya rubuta cewa a lokacin yakan yi saurin fushi, har da matarsa, abin kuwa ya dame shi. A cikin wannan hali ne ya soma karanta Littafi Mai Tsarki a durƙushe. Zabura 68, inda aka kira Allah uban marayu, ta zama masa abin jingina. Ya gane cewa yaran na Allah ne, shi ɗan aike ne kawai, mai kaya kuwa shi ya san yadda zai yi da kayansa.

Daga 1838 kuɗi suka ƙare. Shekaru da dama aka yi ana samun na yau a yau, wani lokaci ma na rana bai san na dare ba. Ma'aikatan gidan sukan taru su yi addu'a, waɗansunsu su ba da ɗan abin da suke da shi. Ran 18 ga Satumba, 1838, abin ya kai har sun fara tunanin sayar da kayan da za a iya yi ba tare da su ba. Da rana sai ga wata mace daga Landan ta kawo fam 3 da sule 2 da sisi. Ashe kwanaki ke nan tana sauke a gidan da ke maƙwabtaka da su, kuɗin suna hannunta. Muller ya yi murna ƙwarai, domin ya ga taimakon yana kusa tun kafin su sani.

A ƙarshen 1841, ana tsakiyar rashi, ya ɗage fitar da rahoton shekara, don kada a ce da rahoton yake bara. Aka ƙara shan wuya, amma ba a taɓa sa yaran a tebur babu abinci ba. Hausawa sun ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Da yaran suka yi yawa, maƙwabta suka yi ƙorafin hayaniya. Muller bai yi fushi ba, ya ga suna da gaskiya. Ya yi addu'a, ya jira har kuɗin gini suka cika, sa'an nan aka sa harsashi a wani tudu mai suna Ashley Down. Gidan farko mai ɗaukar yara 300 ya buɗe a 1849. Zuwa 1870 gidaje sun zama 5, masu ɗaukar yara wajen 2,000. Ana koya musu karatu da sana'a, wanda zai fita kuma a ba shi akwatin tufafi da Littafi Mai Tsarki.

A ƙarshen 1857, sanyi ya shigo, tukunyar da ke dumama gidan farko ta fara yoyo. In za a gyara sai an kashe wuta, ga kuma jarirai a gidan. Muller ya kira masu gyara, ya sa rana. Sai iskar arewa mai tsananin sanyi ta taso. Ya roƙi Allah abu biyu: iska ta juya, ma'aikata kuma su sami zuciyar aiki. Ranar da aka kashe wutar iska ta koma ta kudu mai ɗumi, ma'aikatan kuma da bakinsu suka ce za su kwana suna aiki. Mu lura, ya yi addu'a, ya kuma kira masu gyara.

BAƘIN CIKI DA TSUFA

Bangaskiya ba ta hana shi hawaye ba. Ɗansa Iliya ya rasu yana jariri a 1835. A ran 6 ga Fabrairu, 1870, Mary ta rasu bayan shekara 39 da aure. Shi da kansa ya yi wa'azin tunawa da ita daga Zabura 119, aya 68, a kan nagartar Allah: a ba shi ita da ya yi, da daɗewar da suka yi tare, har da ɗauke ta da ya yi. 'Yarsa Lidiya ta rasu a 1890 yana Indiya, matarsa ta biyu, Susannah, ta bi ta a 1894.

Yana dab da cika shekara 70 ya soma yawon wa'azi, ya yi shekara 17 yana yi, ya shiga ƙasashe 42. Ya taimaki masu bishara da yawa da kuɗi, har da Hudson Taylor da abokan aikinsa a ƙasar Sin. Ya rasu ran 10 ga Maris, 1898, yana da shekara 92, a ɗakinsa cikin ɗaya daga gidajen marayun. Fiye da fam miliyan 1 sun bi ta hannunsa, amma duk abin da ya bari, kuɗi da littattafai da kayan ɗaki, wajen fam 160 ne. Ranar jana'izarsa dubban mutane suka cika titunan Biristol. Gine-ginen Ashley Down suna nan tsaye har yau, ko da yake an daina ajiye marayu a cikinsu.

ABIN DA ZA MU KOYA

Muller bai taɓa cewa kowa ya bar albashinsa ba, ya kuma ƙi yarda a ce yana da wata baiwa ta musamman. A ganinsa bangaskiyarsa irin ta kowane mai bi ce, sai dai ta yi ƙarfi saboda yawan gwaji. Abin da ya yi kowace rana, mu ma muna iya yi.

Na fari, da asuba yakan fara da karanta Maganar Allah yana tunani a kanta, har zuciyarsa ta natsu, kafin ya duba matsalolin ranar. Yawancinmu damuwa muke fara karantawa tun muna kan gado.

Na biyu, addu'arsa tana da suna. Yakan rubuta roƙonsa da ranar da ya fara, in amsa ta zo ya rubuta. Filibiyawa 4, aya 6, ta koya mana mu kai kowace bukata gaban Allah tare da godiya. Ɗalibin da ya ware 'yan shafuka a bayan littafinsa don wannan, zai yi mamakin abin da zai gani a ƙarshen shekara.

Na uku, ya cika zuciyarsa da bukatar waɗansu. Damuwa takan yi ƙiba ne a zuciyar da ba ta tunanin kowa sai kanta. A ɗakin kwananmu akwai wanda sabulunsa ya ƙare, akwai wanda lissafi yake ba shi wuya, akwai maraya wanda ba mai zuwa masa ranar ziyara. Wanda ya tashi ya taimaki ɗaya daga cikinsu zai tarar nasa kayan sun rage nauyi.

Na huɗu, bai nade hannu ba. Ya riƙe lissafin kowane kwabo, ya guji bashi, ya ga likita da ciwo ya kama shi. Ɗalibin da bai yi karatu ba kada ya ce addu'a za ta rubuta masa jarrabawa. Wanda kuma damuwa ta hana shi barci da cin abinci, kada ya ɓoye, ya gaya wa malamin gidansu, ko fasto, ko ma'aikacin asibiti. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Ga 'yan aji na ƙarshe masu barinmu bana, mun san tunanin sakamako da neman gurbin karatu yana ranku. Ku tuna da yaron nan ɓarawo na Kroppenstedt, da abin da Allah ya yi da shi. Allahn da ya ciyar da marayun Biristol shi ne namu. Ubangiji ya ba mu zuciyar dogara gare shi. Amin.