Jean Mermoz: Matuƙin Jirgin Wasiƙu Da Teku Ta Haɗiye

An haifi Jean Mermoz a Faransa a 1901. A 1924 ya kama aiki da kamfanin Latécoère mai jigilar wasiƙu ta sama, daga baya aka ɗora shi a kan hanyar Kasablanka zuwa Dakar. Jiragen zamanin ba su da tabbas. A 1926 injinsa ya mutu a Sahara, mazauna yankin suka tsare shi, sai da aka biya fansa.

A Mayun 1930 ya ƙetare Tekun Atlantika daga Senegal zuwa Brazil ɗauke da wasiƙu.

Ranar 7 ga Disamba, 1936, ya tashi daga Dakar, matsalar inji ta dawo da shi. Bayan ɗan gyara ya sake tashi tare da abokan aikinsa huɗu. Ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.