Tarihin Marigayi Bobby Farrell: Ɗan Rawar Boney M Da Muryarsa Ba Ta Cikin Kaset

 Yau za mu ɗan waiwaya baya zuwa zamanin Janar Seyni Kountché, lokacin da kuɗin uraniyom suka shigo ƙasa, rediyo mai kaset ya zama abin yayi, duk saurayin da ya je Maradi ko Kano saro kaya sai ya komo Dakoro da kaset biyu ko uku cikin aljihu. Iyayenmu mata da ke zaune a kasuwa tun wancan lokaci za su tuna kiɗan da ke tashi daga rumfar tela da ta mai gyaran rediyo, ko da ba su san sunan masu shi ba. A bangon kaset ɗin akwai hoton mata uku baƙaƙe da namiji guda mai tulin suma, ƙirji a waje. Su ne Boney M, namijin kuwa shi ne Bobby Farrell.

Cikakken sunansa Roberto Alfonso Farrell. An haife shi ranar 6 ga watan Oktoba na 1949 a garin San Nicolas da ke tsibirin Aruba, wani ɗan yanki ne cikin teku kusa da Benezuwela wanda ke ƙarƙashin masarautar Holan. Yana ɗan shekara 15 ya bar gida ya shiga aikin jirgin ruwa. Ya zauna a Norwe, ya wuce Holan, daga nan ya faɗa Jamus yana aikin sa faifai a gidajen rawa.

A can Jamus akwai wani Bature mai suna Frank Farian, mawaƙi ne kuma mai shirya faifai. Wannan mutum ya riga ya yi wata waƙa shi da kansa ya fitar da ita da sunan Boney M, alhali babu wata ƙungiya mai wannan suna. Da waƙar ta fara karɓuwa, gidajen talabijin suka nemi ganin masu ita, sai ya shiga neman mutanen da zai tsayar gaban jama'a. Haka aka haɗa Liz Mitchell da Marcia Barrett ƴan asalin Jamaika, da Maizie Williams daga tsibirin Montserrat, sannan Bobby. A 1976 suka fito a wani shirin talabijin na Jamus da waƙar Daddy Cool. Bobby ya yi ta tsalle yana juyi yana faɗuwa yana tashi kamar mai bori, kafin a ce me faifan ya hau matsayi na ɗaya a ƙasar.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Sunny, sai Ma Baker a 1977, sai Rivers of Babylon da Rasputin a 1978. A watan Disamba na wannan shekara aka gayyace su birnin Mosko, abin da ba kasafai Tarayyar Sobiyet ke yi wa mawaƙan Yamma ba, amma aka hana su rera Rasputin, saboda waƙar tana magana ne kan wani boka da ya yi tashe a fadar sarkin Rasha na ƙarshe.

To, ga inda maganar take. Wannan babbar murya ta namiji da muka sha ji cikin kaset muna cewa ta mai sumar nan ce, ashe ba tasa ba ce. Muryar Frank Farian ce. Shi ke shiga ɗakin ɗaukar sauti ya rera, Liz da Marcia su yi nasu, a kammala faifai, sannan a ba Bobby ya koyi motsa baki don talabijin. Ita ma Maizie ba a sa muryarta cikin waɗannan fayafayai ba. Gaskiya ne idan an fita wasa gaban jama'a Bobby yakan rera da bakinsa, kuma ba mai musun cewa rawarsa ce ta sayar da ƙungiyar. Amma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin bambancin mai kaya da mai talla. Yarinya ce ke yawo da tire cikin rana, kowa ya san fuskarta, da la'asar kuwa uwar ɗaki ce ke ƙirga ciniki. Sunan Boney M na Farian ne, shi ne mai shirya faifai, kuma hannunsa na cikin rubuta yawancin waƙoƙin. A wannan sana'a kuɗin da ke ɗorewa suna bin mai suna a takarda, duk lokacin da aka sayar da faifai ko aka sa waƙa a rediyo. Mai rawa kuwa ladan ranarsa ne.

Zama bai yi daɗi ba. A 1981 suka ɓata da Farian, Bobby ya fita, aka kawo Reggie Tsiboe ɗan Gana ya maye gurbinsa. Ya komo a 1984, amma lokacin yayin disko ya wuce, kuma a 1986 ƙungiyar ta watse. Bayan haka kowa ya kama gabansa, har aka samu ƙungiyoyi daban-daban suna yawo da suna ɗaya. Bayan rasuwarsa ɗiyarsa ta shaida wa ƴan jarida cewa an sa mahaifinta ya sa hannu a wata takarda wadda da ita ya sarayar da haƙƙinsa na hoto da na kuɗin faifai, kuma wannan ne ya jefa gidansu cikin talauci. Wannan dai faɗar iyalinsa ce. Abin da kowa ya gani shi ne mutumin da hotonsa ke kan miliyoyin fayafayai ya ƙare zaune a wata unguwa ta kudu maso gabashin Amsterdam, yana bin ƙasashe da wasu ƴan mata uku yana maimaita rawar da ya yi yana saurayi don ya ci abinci.

Shi kuwa Farian ya sake gwada wannan dabara da wasu samari biyu da ake kira Milli Vanilli. A 1990 asiri ya tonu cewa ba su ne ke rera waƙoƙinsu ba, har aka karɓe lambar yabo ta Grammy da aka ba su.

A ƙarshen Disamba na 2010 Bobby ya je wasa birnin Saint Petersburg na Rasha. Ya koka da wahalar numfashi, amma duk da haka ya hau dandamali ya yi aikinsa. Da safiyar ranar 30 ga wata aka iske shi ya cika a ɗakin otal, zuciya ce ta tsaya, yana da shekara 61. Wani abin mamaki, a wannan birni kuma a irin wannan rana ta 30 ga Disamba aka kashe shi Rasputin ɗin a 1916, mutumin da Bobby ya sha sa tufa da gemu irin nasa yana rawa. An kai gawarsa Holan aka binne a maƙabartar Zorgvlied da ke Amsterdam. Frank Farian ya rayu shekara 13 bayansa, ya rasu a birnin Miami na Amurka cikin Janairun 2024 yana da shekara 82.