Ansel Adams, mai hoton duwatsu

An haifi Ansel Adams a shekara ta 1902 a birnin San Faransisko, cikin ƙasar Amurka. Yana da shekara 4 aka yi girgizar ƙasa a garinsu. Ya faɗi, hancinsa ya karye, ya zauna a karkace har ƙarshen ransa. Yaro ne da ba ya iya zama wuri guda. Lakwal ta gagare shi, sai mahaifinsa ya fidda shi, aka ci gaba da koya masa karatu a gida.

A 1916 iyayensa suka kai shi kwarin Yosemite. Ga manyan duwatsu, ga dogayen itatuwa, ga ruwa yana zubowa daga bisa tsauni. Suka ba shi ƙaramar na'urar ɗaukar hoto. Tun daga nan wurin ya shiga ransa. Da ya girma, sai ya riƙa aza kayan aikinsa bisa jaki, ya yi kwana da kwanaki cikin duwatsu. Yakan jira har hasken rana ya faɗo yadda yake so, sannan ya ɗauka. Yawancin hotunansa baƙi da fari ne.

Akwai wani kwari, Kings Canyon, wanda waɗansu suka so su datse koginsa don samun wutar lantarki. Da an yi haka, da ruwa ya rufe shi. A 1936 ƙungiyar Sierra Club, mai kare daji, ta aike shi Washinton, tafiyar fiye da kilomita 3000. Ya bi ƴan majalisa yana gwada masu hotunan wurin. Ba a yi dokar ba a lokacin, amma bai karaya ba. A 1938 ya tara hotuna cikin littafi, ya aika wa minista Harold Ickes. Ministan ya gwada wa shugaba Roosevelt, shi kuwa ya riƙe littafin. A 1940 aka mayar da Kings Canyon gandun dajin ƙasa. Wuraren da aka so datsewa kuwa, sai 1965 aka sa su ciki.

Sai dai da wuya a ga mutum cikin hotunan nan, kamar ba a taɓa zama a wurin ba. Alhali Yosemite tana da mutanenta na asali, waɗanda aka fara kora da bindiga tun 1851.

Adams ya rasu a 1984. Shekara guda bayan haka aka sa wa wani tsauni na Yosemite sunansa.