Jöns Jacob Berzelius

Jöns Jacob Berzelius (20 ga Agusta, 1779 – 7 ga Agusta, 1848) masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Suwidin. Shi ne ya fito da tsarin rubuta sinadarai da haruffa, irin su Na, Cl da Fe, wanda ɗalibai ke amfani da shi har yau wajen rubuta fomula.

Farkon rayuwa

An haife shi a Väversunda, kuma ya tashi maraya. Ya karanta likitanci a Jami'ar Uppsala, ya kammala a 1802. A 1807 aka naɗa shi farfesa a makarantar likitoci ta Stockholm, wadda daga baya ta zama Cibiyar Karolinska.

Aikinsa

A 1803 shi da Wilhelm Hisinger suka saki wutar lantarki cikin ruwan gishiri iri-iri, sai suka ga gishirin yana rabewa gida biyu, kowane ɓangare ya nufi gefe guda. Daga nan Berzelius ya tsaya a kan cewa kowane haɗaɗɗen sinadari ɓangare biyu ne, mai cajin ƙari da mai cajin ragi, kuma jan juna da suke yi ne ke riƙe da su. Maganar ta zauna daidai a kan gishiri da danginsa, waɗanda yau ake kira sinadaran ayon, amma ta kasa a kan sinadaran jikin halittu. Ya yi ta kare ta har tsufansa, duk da hujjoji sun taru a kansa.

Kafin shi, John Dalton na Ingila zanen da'ira yake yi wa kowane sinadari, abin da ke wahalar da masu ɗab'i. A 1813 da 1814 Berzelius ya kawo haruffan da ya ciro daga sunayen Latin. Na ta fito daga natrium, sunan da ke komawa ga natron, wato dangin kanwar da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi ta Kano. K kuwa daga kalium take, asalinta kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai, kuma toka tana cikin kayan haɗin marinar Ƙofar Mata.

Ƙa'idar daidaita caji da ake koyarwa yanzu ta zo bayansa, amma a kan haruffansa aka gina ta: dole ƙari da ragi su cinye juna. Sodiyam cajinsa +1, kulorayid −1, sai a rubuta gishirin miya NaCl. Kabonet cajinsa −2, don haka sai da sodiyam biyu, a samu Na₂CO₃, wanda yake da yawa a cikin kanwa. Shi Berzelius a saman harafi yake ɗora lambar, daga baya aka sauko da ita ƙasa.

Yana da hannu a gano seriyam (1803) da seleniyam (1817), sannan ya gano toriyam.

Aure da mutuwa

Bai yi aure ba sai 1835, yana da shekara 56, lokacin da ya auri Elisabeth Poppius. Ya mutu a Stockholm yana riƙe da muƙamin sakataren Majalisar Kimiyya ta Masarautar Suwidin, wanda ya hau tun 1818.